'Yar na'urar auna haske: ra'ayina bayan na yi aiki da ita

Gaskiya na'urar ga ta biya kuɗinta. Wani ƙanena ya kawo min ita daga Kano, ba ta da girma, kamar wayar salula ce sai dai akwai wani farin ƙwallo a maƙale da igiya, shi ake ajewa inda ake so a auna, sai lamba ta hito, lux kenan, wato ma'aunin ƙarhin hasken da ke sauka a wuri. Ni ɗakin baje kayan gargajiya nike da shi a unguwar Zaria ta nan Maradi, tsofaffin zannuwan saƙi, rawunnan turkuɗi, jakunkunan fata masu rini, allunan zayyana da 'yan takardun ajami da munka gada, to dole in damu da haske.

Ƙa'idar da gidajen tarihi ke bi a duniya ba ta da wuya. Tufafi, takarda, zanen ruwa da fata mai rini kar hasken da ke sauka kansu ya wuce lux 50, zanen fenti mai mai da itace da fatar da ba a rina ba wajen 200, dutse da ƙarfe da tukwanen yumɓu kuwa ba su cika damuwa ba. To ranar Maradi da tsakar azahar tana iya kai 100,000 a waje, ku kwatanta da 50 ɗin nan. Da na aza na'urar bisa teburin da ke kusa da taga sai ga lamba ta wuce dubu, alhali ni a idona wurin ba ya da wani haske na a zo a gani. Ido yana sabawa ne, shi ya sa ba a yarda da shi. Kuma ɓarnar haske taruwa take, lux 50 na awa 100 daidai yake da lux 500 na awa 10, launin da ya koɗe kuwa ya tahi kenan, babu malamin da zai maido shi.

Labule mai kauri na saka ma tagar, na cire dogayen ampul ɗin nan na neyon don suna hidda UV, wani haske da ido ba ya gani amma yana ɓata launi, na maye su da LED masu ɗan ja-ja na 3000K, na ɗaga su nesa da kayan har lambar ta sauko. Baƙi in sun shigo sai su ce Alhaji ɗakin ya yi duhu, in ce ku ɗan tsaya minti biyu, sai ka ji sun ce ah to, ashe ana gani.

Inda ta gaza: ba ta auna UV sam, shi ana son kar ya wuce microwatt 75 (ma'aunin ƙarhinshi) a kowane lumen (ma'aunin yawan haske) kuma na'urarshi daban ce mai tsada. Takardar bayani babu Faransanci, sai Turanci da rubutun Sin. Pil ɗinta mai bolt 9 ne, irin mai kusurwa huɗu, ba kowane butik ke da shi ba, sai ka shiga babbar kasuwa. In ka tsaya kanta inuwarka ma sai ta canza lambar, a ja da baya kahin a karanta.

Masu cewa a sauke manhaja a waya ta wadatar, na gwada wayoyi biyu wuri ɗaya kowace da nata lissahi, don haka ban ba da wannan shawara ba. Masu shagon atamfa da shadda da ke rataye kaya bakin ƙofa ma ku ara ku auna ko sau ɗaya ne.