Tsinken gwajin dalma ko kai ƙasa labo?

Hajiya, zancen gwada dalma a ƙasar gidanku da ke jikin masu fasa batir, tsakanin tsinken gwaji da labo (ɗakin gwaje-gwaje) ki kai labo kawai, kar ki ɓarnatar da kuɗinki.

Tsinken nan na taɓa saye, kwali guda, har yau rabinsa na cikin dirowa. Wai in ka goga audugar ta koma ja to akwai dalma, to ƙasar Yamai ai dama ja ce, ka goga ka rasa dalma ce ko jar ƙasa. Don fenti aka yi shi, can yana ɗan taɓukawa, amma ba ya ba da lamba.

Da na gaji sai ƙanena da ya yi karatun kimiyya a jami'ar Abdou Moumouni ya nuna mini yadda ake ɗiba, da cokalin roba ba na ƙarfe ba, ki kankari saman ƙasa kamar santimita 2, inda yara ke wasa da gindin katanga da ƙofar gida, kowace da ledarta, ƙurar taga ma daban. A labo suka shanya ta suka tankaɗe kamar garin tuwo, suka narka da asid sannan na'urar da ake kira AAS, mai auna yawan dalma, ta karanta. An ɗan ja ni da jira kam amma na samu takarda da lamba, miligram nawa cikin kilo. Amurka a 2024 ta sauke ma'aunin dalma a ƙasar gidaje daga miligram 400 zuwa 200 cikin kilo, da shi muka auna tamu. Tsakar gida lafiya lau, ta bakin titi ce ta haura, ƙanena ya ce mai yiwuwa ragowar esans mai dalma ce da aka daina a ƙasashenmu tun 2006, ita dalma ba ta ruɓewa. Siminti na sa aka shafe wurin, na samu barci.

Sai ki yi hattara da masu tallar wata na'ura kamar bindiga su ce XRF ce, wato na'urar hannu ta gwajin dalma. Ta gaskiyar akwai ta, tana karantawa nan take, amma kuɗinta miliyoyin sefa ne, duk wanda ya ce ki kawo jikka hamsin wallahi injin neman zinariya zai liƙa miki.

Kuma tunda batir ake fasawa jikinku kar ki jira takardar labo, ki kai ƙananan a gwada jininsu. A Zamfara a 2010 ƙurar dalma ce cikin gidaje ta kashe yara sama da 400.