Wani shagon taya a Gombe, da maganar tayoyin ƙanƙara da ake cusa mana

Ku masu ƙananan motoci masu gudu a Gombe, musamman 'yan BMW da Marsandi masu ƙofa biyu, akwai wani shagon taya ta wajen hanyar fita Bauchi da ya kamata a yi maganarsa. Ba wai don araha ba, tsada ma gare shi, sai don shi kaɗai ne inda na ga an ware tayoyin ƙanƙara gefe guda kuma aka faɗa min gaskiya cewa waɗannan ba na ƙasarmu ba ne. Sunan shagon kam ba zan kama ba, tunda akwai inda zan caccake su a ƙasa.

Motata BMW ce, ƙarfinta a ƙafar baya yake, wili 17, tayar 225/45. Duk mai irin wannan lambar ya san wahalar, sabuwa tsada, ita kuma 'yar Beljiyam in ka je nema sai a mirgino maka wata baƙa wuluk mai zane zurfi da ƴan tsage-tsage ƙanana ko'ina a jikinta, yaron shago yana bubbuga ta yana cewa oga wannan ai kamar sabuwa ce. To mafi yawan irin waɗannan masu kyan ganin tayoyin hunturun Turai ne. Mai shagon, wani dattijo da kowa ke ce wa Baba Alhaji, shi ya tsugunna da kansa ya nuna min, ya ce ɗana duba nan, a gefen tayar akwai hoton dutse mai kai uku da tambarin ƙanƙara a cikinsa, kusa da shi kuma an rubuta M+S, wato laka da ƙanƙara a Turance. Ya ce in ka ga dutsen nan ka ajiye ta kawai. Sunayen ma suna tona asiri in mutum ya sani, Pilot Alpin na Michelin, Sottozero na Pirelli, WinterContact na Continental, Blizzak na Bridgestone, duk na sanyi ne. Kuma tayoyi ne masu kyau fa, babu mai kushe su, a inda aka yi su dominsa.

Dalilin da ya sa suka cika mana kasuwa ba wani ɓoyayye ba ne. A Jamus tun 2010 doka ta ce in akwai ƙanƙara a titi dole ka sa tayar hunturu, a Ostiriya kuma in zurfin zanenta ya yi ƙasa da milimita 4 ba a ƙara lissafa ta a tayar hunturu. Sabuwa tana zuwa da wajen milimita 8, wato da ta ci rabi sai Bature ya cire ya yar, mu kuma a idonmu rabin nan taya ce lafiyayya, sai a loda a kwantena ta faɗo Kwatano ko Legas, daga nan ta hauro arewa.

Matsalar a robar take. An haɗa ta ne don ta zauna da laushi in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, lokacin da tayar bazara ke sandarewa ta daina kama titi. Yaushe rabon Gombe da digiri 7? Ko a tsakiyar hunturu da asuba da muke ƙudundune da bargo da wuya mu je nan, a Maris da Afrilu kuwa 40 muke gani, kwalta kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Sai robar ta koma kamar cingam a rana, ta riƙa cinyewa da sauri, ka taka birki motar ta ƙara tafiya kafin ta tsaya, ka shiga kwana ka ji sitiyari yana amsawa a makare. A Corolla mai zuwa kasuwa ta dawo ƙila ba za a ji sosai ba, amma mota mai turo ƙarfi ta baya, ka ba ta wuta a kwana da irin wannan taya, bayan ne zai fara rawa. Akwai kuma harafin da ke bayan lambar taya wanda kusan babu mai dubawa, T iyakarta kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270. Da yawa daga na hunturu T ne ko H, alhali irin motocinmu V ko W kamfani ya rubuta musu. Ba cewa nake wani ya je ya taka 240 a hanyar Alkaleri ba, Allah ya kiyaye, amma harafin yana nuna yadda taya ke jure zafin da take tarawa in ana gudu, kuma mu zafin ne babban abokin gabarmu.

Na ɗan ja da shi, na ce Baba to damina fa, ai mutane na cewa tsage-tsagen nan sun fi riƙe titi in ana ruwa. Ya yi dariya ya ce tsagen an yi su ne don cizon ƙanƙara, ruwa kuma manyan layukan nan masu faɗi ne ke kore shi daga ƙarƙashin taya, kuma ruwan Agusta na Gombe ba ruwan sanyi ba ne, tayar bazara mai zane sosai ta fi ta tsayawa. Masu cewa suna yawan hawa Jos ma hujjarsu ba ta kai ba, Jos akwai sanyi amma ƙanƙara ba ta kwanciya a titi. Wanda ke da ɗan'uwa a Kanada dai shi ne zai ji ana wannan lissafin da gaske, a lardin Kebek dole ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, kuma can guda huɗun ake sawa gaba ɗaya, masu motocin gudu har sukan sayi wili daban ƙarami su sa taya mai ƙarancin faɗi don ta fi huda ƙanƙara.

Ni dai sababbi na ɗauka na bazara, guda huɗu iri ɗaya, masu harafin W. Abin da ya ƙara burge ni, kafin a ɗaura sai da ya sa na karanta shekarar kowacce da idona, lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefen tayar, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 sati na 23 ke nan a 2019. 'Yan Road Safety shekara 4 suke lissafa wa taya daga ranar da aka yi ta, to ka ga taya tana iya tsufa a shago ba ta taɓa taka ƙasa ba. Na bi da su hanyar Kaltungo na kuma je Bauchi na dawo da rana tsaka, motar ta zauna daram, ƙugin nan da tsofaffin ke yi ya ragu sosai, birki yana kamawa tun daga sama. Rami ne dai har yanzu sai ka lallaɓa, taya mai siririn gefe ba ta yafiya, ka faɗa da ƙarfi sai ta yi ciki ko wili ya lanƙwashe, wannan kuma ba laifin shago ba ne.

Yanzu inda suka ɓata min rai. Ciniki babu, abin da Baba ya faɗa shi ke nan ko za ka kwana kana roƙo. Injin balansin ɗinsu sai da wuta, kuma ranar babu NEPA, janareta kuma wai an tafi nemo mai, na zauna a kan tsohuwar taya cikin rana don ko benci babu na kirki. Alaimen, wato saita ƙafafun mota, ba sa yi sam, sai ka ƙara gaba wani wajen, wanda a ganina abin kunya ne ga shago mai sayar da taya irin wannan kuɗin. Yaran kuma hannunsu da nauyi, ɗaya ya karce min bakin wili da ƙarfen cire taya, ɗayan ya ɗaure notuna da bindigar iska har sai da na ce ya sassauta ya ƙarasa da hannu. Ka tsaya a kansu, kar ka tafi sallah ka bar musu mota, kuma in tayarka mai kibiya ce a gefe ka tabbatar kibiyar ta kalli gaba a kowane ɓangare. Tayoyin wili 18 da 19 ma ba kullum suke da su ba, sai an aiko daga Kano.

Sannan tayoyin ƙanƙaran da ya ware ɗin ba zubar da su yake ba, yana sayarwa, a gabana wani direban haya ya ɗauki biyu saboda araha, Baba ya faɗa masa gaskiya, shi kuma ya ce Alhaji aljihu ne ba ya so. Na yi wa Baba maganar, ya ce shi dai ya sauke nauyi tunda bai ɓoye ba. Ni ban gamsu ba gaskiya, mutumin nan fasinja zai loda ya kama hanyar Yola da su cikin zafin nan.