Wata shida ina taya tsoffin sulalla a gwanjon intanet

Wata shida kenan da na buɗe akawun a wani shafin gwanjon tsoffin sulalla, na shiga gwanjo goma sha ɗaya na ci huɗu, to ina ganin yanzu dai na isa in tofa albarkacin bakina. Ba zan kira sunan shafin ba, don yawancin asarar da na tafka ni na jawo wa kaina.

Abin da na fara ci dalar azurfa ce ta Mariya Tereza, sarauniyar da ta mulki Ostiriya, ga 1780 nan ɓaro-ɓaro a jiki. Da na ga shekarar sai kaina ya ɗau zafi, nace abu mai shekara sama da 200 ai ko nawa aka saya an yi araha, muka dinga ƙara tayi ni da wani da ban san ko waye ba har sai da ya gaji ya janye. Sai da kaya ya iso hannu sannan na zauna bincike, ashe a 1780 ɗin matar ta rasu, kuma tun daga nan ake ta buga wannan dala ba a taɓa canja shekarar ba, miliyoyi barkatai, har a Landan da Faris da Bombay an buga ta, Viyana, babban birnin Ostiriya, kuwa har yau ba ta daina ba. Tawa ba jabu ba ce, giram 28 ce da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin ɗari azurfa, amma darajarta ba ta wuce kuɗin azurfar da ɗan abin da ba a rasa ba. Kuma fa sun rubuta a bayanin kayan cewa bugun baya ne, ni ne ban karanta har ƙasa ba.

Daga nan na gane ba tsufa ake saye ba, ƙarancin abu da lafiyarsa ake saye. Ku duba dalar Morgan ta Amurka, zane ɗaya nauyi ɗaya, amma wadda aka buga a Filadelfiya a 1921 ta haura miliyan 44, ta San Faransisko a 1893 kuwa 100,000 kacal, kuma banda shekarar abin da ke nuna ta ɗan ƙaramin harafin S ne a baya, wanda 'yan damfara sun iya liƙa shi a kan wadda ba ta da shi. Shi ya sa yanzu in kuɗin ya ɗan yi nauyi bana taya sai wanda PCGS ko NGC, kamfanonin tantance sulalla, suka tantance suka rufe a cikin roba. Makin da suke ba lafiyar sule daga 1 zuwa 70 yake, akwai lamba a jikin robar da zaka shigar a shafinsu ka tabbatar, wani lokacin ma har hoton zaka gani ka gwada da wanda ake gwanjo. Maki ɗaya tak, kamar tsakanin 64 da 65, yana iya ninka farashi.

Wanda ya fi min ciwo shine sule na uku da na ci. Yana ta sheƙi a hoto kamar yau aka buga shi, ashe goge shi aka yi, su kuwa masu tara sulalla ba abin da suka tsana kamar wannan, gara musu wanda ya dafe da kansa. Nan kam na ga laifin shafin, hoto ɗaya suka sa kuma haske ya yi masa yawa ya ɓoye ƙananan layukan gugar, na tura saƙo ina neman wani hoton, ba a amsa ba sai bayan an rufe.

Sai maganar la'ada. Farashin da aka sallama maka ba shi zaka biya ba, su kashi 20 suke ɗorawa a kai, ga kuɗin aikowa ga inshora, kuma can ƙasa cikin ƙananan rubutu suka sa. In wani ya taya a mintin ƙarshe kuma sai a ƙara lokaci, wallahi a nan ne zuciya take cin mutum, ka manta da sulen ka koma neman kada a kayar da kai.

Abin da na yaba musu gaskiya, kuma shi ya hana ni rufe akawun ɗin, rumbun tsoffin cinikinsu ne. Kyauta zaka ga nawa aka sayar da irin wannan sulen mai irin wannan makin a baya, kuɗin da wani ya cire ya biya, ba wanda dillali ke fatan samu ba. Kunshin kaya ma ba laifi, huɗun duk lafiya suka iso. Yanzu ciniki uku ko huɗu na baya-bayan nan nake dubawa, in lissafa kuɗin azurfar, in cire la'ada, abin da ya rage shi nake sawa sau ɗaya in kashe kwamfuta. Akwai wata Morgan da nake hari za a rufe ran Lahadi da dare, na riga na sa nawa, wayar ma a wani ɗaki zan bar ta.