Mai firam na kusa da Babbar Kasuwa: zai iya da tsofaffin zanen zambo?

Masu tara tsofaffin zanen zambo na Turai ba su da yawa a Maradi, kuma duk matsalarsu ɗaya ce: wa za a ba takardar da ta haura shekara 150 ya sa mata gilashi bai kashe ta ba? Akwai wani shagon firam kusa da Babbar Kasuwa da ake yawan kai wa irin wannan aiki. Ya cancanci yabo, amma da sharaɗi.

Kafin a je, a tabbatar abin da ke hannu na gaske ne. Tun wajen 1820 masu buga littattafai a Ingila suka fara barin farantin tagulla, wanda ake sassaƙa zane a kai a buga shi a takarda, suka koma na ƙarfe mai tauri, don tagulla na sudewa bayan ɗaruruwan bugu, ƙarfe kuwa yana ba da dubbai. Shi ya sa yawancin zanen Hogarth, mai zanen zambo ɗan Ingila, da ke yawo ba na zamaninsa ba ne. Ya rasu a 1764, daga baya aka sake sassaƙa aikinsa a ƙarfe don littattafai. A duba da madubin ƙara girma mai ninki 10: bugun gaske layuka ne sirara, tawadar ta ɗan taso kan takarda. In aka ga ɗige-ɗige jere reras, kwafin injin zamani ne. Rashin shaidar da gefen faranti ke bari a takarda wurin bugu ba ya nuna jabu, sau da yawa wurin ɗinka littafi ake yanke ta.

Hannun mai shagon a katako ba laifi. Kusurwa na haɗuwa tsaf, yana toshe bayan firam da kyau, abin da ke da muhimmanci a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko cikin akwati. Babban abin yabonsa shi ne ba ya yarda ya liƙa tsohon zane cikin leda da zafi kamar katin shaida, ko da mai kaya ya nace. Zanen da aka yi wa haka ya tafi ke nan.

Inda yake kuskure shi ne kwali da gam. Kwalin katon yake sawa a baya, mai tsami, wanda a hankali yake mayar da takarda ruwan ƙasa. Kuma in ba a hana shi ba, salatef zai manna a kusurwa huɗu, man jikinsa ya ratsa takardar ya bar tabon da ba ya fita. Sai mutum ya zo da nasa kwali marar tsami, ya ce: "Malam, a rataye shi daga sama kawai, wuri biyu, da siririyar takarda da kullun sitacin alkama." Yana jin magana. A sa ya bar tazarar milimita 2 ko 3 tsakanin zane da gilashi, in ba haka ba raɓar damina a watan Agusta za ta manne su, jajayen ɗigo su biyo baya.

Kuɗinsa ya fi na masu firam na bakin titi, kuma ba ya sauri. Gilashinsa ba ya tare hasken rana, don haka a rataye a bangon da rana ba ta bugu, nesa da inda gara ke hawa.