Matasa ko tsofaffin hannu a farkon kakar ƙwallon kwando?

Kaka na farawa, 'yan ƙwallon kwando a unguwar Nima ta Accra sai gardama: koci ya sakar wa matasa fili, ko ya jingina da tsofaffin hannu?

Tsohon hannu ya san lissafin daƙiƙa 24 da ƙungiya ke da su ta jefa ƙwallo kwando, ba ya tara laifi biyar a fitar da shi. Da shi ake cin wasannin farko, magoya baya su kwantar da hankali. Yaro kuwa zai zubar da ƙwallo, ya jefa daga nesa ba gaira ba dalili, har ranka ya ɓaci. Amma a benci ba zai koya ba. Kuma wasan minti 40 ne, ƙafar babba kan yi nauyi a zagaye na huɗu.

Ni dai da yaran zan fara, manya su shigo da hutunsu su ƙarasa.