Fitilar LED da na sa wa Celica: a gari sai san barka, a hanyar Hada ta kunyata ni

Duk mai riƙe da tsohuwar mota irin mai fitilar da ke ɗagowa daga bonet ya san wahalar samun ƙwanta a Jidda yanzu. Tawa Toyota Celica ce ta 1988, fitilarta irin rufaffiyar nan ce mai lamba H6054, inci 5 da 7, gilashi da ƙwai a haɗe, in ta ƙone gaba ɗaya ake jefar da ita. Dokar Amurka ce ta tilasta irin wannan fitila tun 1940 har zuwa 1983, shi ya sa ta cika motocin wancan zamani. Ita kuwa fitila mai ɗagowa, tun da Corvette da Lotus Esprit suka bar ta a 2004 da wuya ka sake ganinta a sababbin motoci. To wa zai ci gaba da tara mana kayanta a shago?

Da ta hagu ta ƙone sai na sayi LED guda biyu, irin waɗanda masu kayan mota na Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, ke cewa cire ka sa kawai. Ba haka ba ne. Soket ɗin ya shiga daidai, amma ful ya ƙi kamawa, shuɗiyar alamar ful ta dashbod ma ta mutu. Mai gyaran wayar da nake zuwa wurinsa, mutumin Kano ne, ya duba ya ce, “Alhaji, tsofaffin Toyota ta ɓangaren negetif suke kunna fitila, LED kuwa ba ta yarda a juya mata wuta. Sai an ƙara rile.” Rile ɗan makunni ne da wuta ke sarrafa shi. Aka ƙara, na sake biya.

Daga nan kam na ji daɗi. Tsohuwar wat 35 take ci a dim, haskenta ja-ja. Wannan fari ne tas, ina hango ramin titi da magen da za ta tsallaka tun daga nesa, batir ma ya huta. Har na fara yaba ta ga abokai a majalisa.

Sai ranar da muka hau Ɗa'if ɗaurin aure ta hanyar Hada, bayan isha'i, ni da ƙanena. Muna cikin kwanonin dutsen nan hazo ya sauko. Wallahi sai na ga kamar an rataya farin zane a gaban gilashi. Hasken ba shi da iyaka ta sama, watsuwa yake ko'ina, ya bugi hazon ya dawo mini cikin ido. Layin gefen titi ya ɓace, jar fitilar motar gabana kawai nake bi. Tsohuwar fitilata duk rauninta ƙasa take kallo, ba ta taɓa makanta ni haka ba. Ƙanena sai cewa yake, “Yaya, rage gudu, yaya, tsaya.” Na samu fili na tsaya, na kashe. Da na zo kunnawa ta dama ta ɗago, ta hagu ta maƙale a rabi tana ƙara. Na buɗe bonet da hasken waya, sai ga wayar LED ɗin ta shige tsakanin ƙarfen sanyaya ta na baya da hannun da ke ɗaga fitilar, robarta har ta fara gogewa. Bayan wannan fitila ya fi na asali kauri, kuma nan wuri ne mai motsi kullum. Da yatsa na zaro wayar, na riƙa murza ɗan maɓallin da ke kan injin fitilar har ta miƙe, hannuna na rawa don sanyi.

Na koma wa mai shagon, ya ce saiti ne. An saita ta a jikin bango, an sunkuyar da ita, amma har yau masu tahowa suna watsa mini ful a unguwa, alamar ina damunsu. Kuɗi kuma ya ce an riga an ɗaura, ba a mayarwa. Ko maganar rile ai ya sani tun farko, bai faɗa ba.

Na sa an nemo mini irin gilashin da ke karɓar ƙwan H4, wanda in ya ƙone ƙwan kaɗai ake canzawa, ranar da ya iso zan cire waɗannan. Wanda duk ya nace sai LED, ya auna zurfin bayanta kafin ya biya, ya kuma sa a haska masa ita a bango ya ga ko hasken ya yanke ta sama.