Ka hau sabon Windows yanzu ko ka dakata?

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutarka ta dame ka da saƙon komawa Windows 11, alhali Windows 10 ɗin da kake kai yana aiki lafiya lau, kana tambaya ko ka hau ko ka ƙyale. Bari mu ajiye mai gaggawa da mai jira gefe da gefe, mu ga abin da kowa ke girba.

Mai hawa tun makon farko shi ne zakaran gwajin dafi. A watan Oktoba na 2018 Microsoft ya saki wani babban sabuntawa na Windows 10, sai ga shi yana goge fayilolin wasu mutane, dole aka janye shi cikin 'yan kwanaki. Masu Mac ma sun ɗanɗana a 2019, lokacin da macOS Catalina ya daina buɗe tsofaffin manhajoji masu 32-bit kwata-kwata. Amma abin da ya fi cizon mutane ƙanana ne. Ka aika takarda firinta, ta yi shiru, saboda kamfanin da ya ƙera ta bai fitar da direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, da ya dace da sabon tsarin ba. Ko manhajar lissafin da kake cin abinci da ita ta buɗe ta rufe kanta. Wanda ya jira watanni kaɗan yakan tarar an gyara yawancin waɗannan.

Sai dai jira yana da iyaka, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Facin tsaro na wata-wata, wato ƙaramin sabuntawa mai toshe ɓaraka, daban, canja babbar manhaja daban. Shi facin ba a jinkirta shi. Ƙwayar WannaCry da ta kulle kwamfutocin asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017 ta shiga ne ta wata ɓaraka da Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris. Waɗanda ba su sa facin ba su suka sha wuya. To ranar da kamfani ya daina fitar da faci, duk ɓarakar da masu kutse suka gano daga baya a buɗe za ta zauna. Ga Windows 10 wannan ranar ita ce 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adi na wucin gadi ga wanda ya yi rajista. Cewa "tana aiki lafiya" ba hujja ba ce, domin kwamfutar da aka yi wa kutse ma tana kunnuwa kamar kullum.

A naka lamarin, ra'ayina ka hau. Windows 11 ya fito tun Oktoban 2021, ya daɗe da wuce shekarun ƙuruciya. Fara da manhajar PC Health Check ta gaya maka ko na'urarka ta cancanta: ana buƙatar TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta), RAM na 4GB, wurin ajiya na 64GB, da firosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama ko makamanciyarta ta AMD. Wannan 4GB ɗin fa na fatar baki ne, buɗe shafuka goma na intanet ka ga yadda za ta riƙa jan ƙafa.

Kwafe fayilolinka a faifai na waje tukuna, ka duba shafin kamfanin da ya ƙera firintarka ko akwai direba. Bayan hawa kana da kwana 10 na komawa baya, muddin ba ka goge jakar Windows.old da ke ɗauke da tsohon Windows ɗinka ba, don haka cikin kwanakin nan ka gwada duk abin da kake aiki da shi.

In kuwa na'urar ba ta cancanta ba kuma ba ka shirya sayen wata ba, Ubuntu, wata babbar manhaja ta kyauta da ake sawa a madadin Windows, zubinsa mai dogon wa'adi yana samun faci na shekara 5 kyauta. Masu Ubuntu su kansu ba sa tura wa masu tsohon zubi tayin komawa sabo sai gyaran farko ya fito, watanni bayan sakinsa.